Zuwa ga limamai da masu wa'azin Zariya: rainin da ake wa tsofaffi ba daga rashin tarbiyya kaɗai yake zuwa ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan wasiƙa taku ce gaba ɗaya, limaman Juma'a da na hamsu salawati, masu tafsiri da masu karantarwa a zaure da Islamiyyu, tun daga cikin birni har Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, Gyallesu da Kwangila, ban ware Ɗariƙa ba ban ware Izala ba dan maganar ta shafi gidan kowa. Ni ɗalibinku ne mai zama a sahun baya, sana'ata POS ce da ɗan cajin waya, kuma ita ce ta sa nake ganin tsofaffi a halin da mutane da yawa ba sa ganinsu, wato lokacin da suka zo karɓar ɗan abin da aka turo musu ko ɗan fanshon da ya shigo.

Ina jin huɗubobinku a kan haƙƙin iyaye da girmama manya, kuma wallahi kuna ƙoƙari. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da uf babu yaron Islamiyyar da bai haddace ta ba, haka hadisin da ya ce ba ya cikinmu wanda bai tausaya wa ƙaraminmu ba kuma bai san girman babbanmu ba. Amma kusan duk huɗubar waje ɗaya take tsayawa, yaran zamani ba tarbiyya, waya ta lalata su, a ji tsoron Allah. Gaskiya ne ban musa ba. Sai dai shekara da shekaru ana faɗar haka abin kuma gaba yake yi, har yaran da suka haddace ayar ma da su ake yi, toh ashe akwai abubuwan da ke ciyar da rainin nan waɗanda ba a taɓawa a kan mumbari. Su nake so in zayyana muku gwargwadon abin da na gani, dan ku ake saurare.

Babba a cikinsu a ganina shi ne hannun tsoho ya zama wayam. Da can a ƙasar Zazzau maigida shi ke riƙe da gandu, shi ke da rumbu, shi zai ce a ɗebo hatsi, shi zai yi wa ɗa aure ya yankar mishi gayauna, saboda haka girmansa akwai addini a bayansa kuma akwai abinci a bayansa. Yau gonakin da ke kewaye da gari an yanka su fuloti-fuloti an sayar, ku duba ta wajen Ɗan Magaji da hanyar Shika da Basawa, inda ake noma jiya gidaje ne yau, kuɗin kuma an yi aure da su an biya makaranta an je asibiti sun ƙare. Sana'o'in da aka san Zariya da su, ɗinkin hannu na manyan riguna, dukanci, saƙa, duk suna son ido da ƙarfin yatsa, ran da ido ya dushe shi kenan an nannaɗe. Mafi yawan tsofaffinmu ba su taɓa aikin albashi ba, dokar fansho ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2014 dan masu albashi aka yi su, a 2019 an fito da ƙaramin tsari na masu sana'ar hannu amma ku tambayi mai ƙosai ko baduku ko ya taɓa jin labarinsa, kuma ko ya ji, wanda ya riga ya kai 70 me zai tara yanzu. Sai ya kasance mutumin da ya ciyar da gida guda yau jiran ɗari biyar yake daga hannun ɗansa, ɗan kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da yake samu ba ya kai shi tsakiyar wata. Ba uzuri nake ba ɗan ba, yadda abin ke farawa nake faɗa, mutum ya fara lissafin bakunan da yake ciyarwa, daga lissafi sai ƙosawa, daga ƙosawa sai tsawa, yaran gidan kuma suna gefe suna ɗauka.

In kuna son tabbatar da cewa talauci na gindin abin, ku duba sahun gaba a masallatanku. Tsoho mai hali in ya makara buɗa mishi ake yi, wani ma ya tashi ya ba shi waje ana Alhaji bismilla nan. Sa'ansa mai gadi ko mai faskare wanda ya riga kowa zuwa sai a ce Baba ɗan matsa can. Shekarunsu ɗaya, furfurarsu ɗaya. Yaro yana ganin wannan duk Juma'a, toh wa'azin zai bi ko abin da idonsa ya gani?

Waɗanda suka yi aikin gwamnatin ma ba su tsira ba. Zariya gari ne na 'yan fansho, jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take nan, ga asibitin koyarwa, ga reluwe, ga barikin soja, ga makarantu birjik, kusan kowane layi akwai wanda ya ajiye aiki. Ƙa'idar da aka sani ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, farfesa 70, malaman makaranta kuma dokar tarayya ta 2022 ta kai nasu 65. Ritaya ba laifi ba ce, abin da ke biyo bayanta ne laifin, garatuti a yi ta jira wani har ya rasu bai gani ba, a kira tantancewa a tara masu hawan jini da ciwon suga a rana da fayil a hammata dan kawai su nuna har yanzu suna raye. A jihar nan a 2021 lokacin da aka rage ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta yi yajin aiki a watan Mayu, cikin abin da aka duba har da shekaru, wanda ya kai 50 ya kama hanyar gida. 50 fa Allah gafarta malam, da yawanku kun wuce ta kuma yanzu ne karatunku ya nuna. In hukuma da kanta ta ɗauki ɗan 50 a matsayin nauyi, ya kake so ɗan acaba ya ɗauki ɗan 75? Ga tallan neman aiki da ake rubutawa kar ka wuce 27 ko 30, wanda ya sa jama'a suka bazama kotu yin takardar rantsuwa ana rage shekaru, har ta kai mutum yana ɓoye shekarun da Allah ya ba shi yana jin kunyarsu. Wanda yake jin kunyar nasa shekarun ba zai ga girman na wani ba. Kuma kar a ce abin ba ya yiwuwa a ƙasar nan, jihar Ekiti ta taɓa fara biyan tsofaffi masu 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata tun 2011, kuɗin ba yawa amma tsohuwar da za ta sayi goronta da sabulunta ba ta roƙi kowa ba, kallon da ake mata a gida daban ne.

Sai abin da na fi sani dan a gabana yake faruwa. An sauya yadda ake rayuwa gaba ɗaya cikin 'yan shekaru kuma ba wanda ya yi lissafi da tsoho. BVN ya zo a 2014, ƙarshen 2020 aka ce a haɗa NIN da layin waya, sai canjin kuɗi a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 wanda duk Bazazzagi ya san abin da aka gani a bakin bankuna. Tsohuwar da ta yi rayuwarta tana ajiye kuɗin ƙuli-ƙulinta da na adashi a ƙasan adaka, rana ɗaya aka ce mata wa'adi ya kusa sai ta kai banki, ba ta da akawun ba ta da waya ba ta san hanyar ba, dole ta damƙa wa jika, wasu sun riƙe amana wasu kuma har yau ana cewa netwok ne. Na'urar dangwale ma ba ta son yatsan da fartanya da wanki suka cinye zanensa, a sa a goge a sake sawa, na bayan layi suna tsaki, ƙarshe a ce Baba koma gefe tukuna, ya koma gefe ya tsuguna har a tashi.

Akwai wani dattijo da ke zuwa wajena ƙarshen wata, alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka, cikin almajiransa akwai waɗanda yanzu suke limanci. Zai ciro katinsa daga ƙunshin leda a aljihun 'yar shara, tare da 'yar takardar da ya rubuta lambar sirrinsa da lambobin Larabci, ya miƙo min duka biyun dan madannan sun yi wa idonsa ƙanana. Nakan ce Malam dan Allah kar ka riƙa ba kowa lambar nan, ya ce toh ɗana ya zan yi, ai sai da ku. Wata rana ya tambayi jikansa da ya rako shi wai ta ina ake ganin abin da ya rage, yaron ko ɗago kai bai yi daga waya ba ya ce Malam bari kawai ba za ka gane ba. Mutumin da izu 60 ke kansa aka ce wa ba zai gane ba, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne bai ce komai ba, ya ninke takardarsa ya mai da aljihu, alamar ya saba ji. Yaron nan na san shi ba fitsararre ba ne, yana tsugunawa ya gaida mutane, amma duk inda ya raka kakansa, banki, asibiti, wajen rajistar layi, kakan ne mai roƙo shi ne mai sani, komai da Turanci komai a waya, a fom ma wanda ya iya ajami da Larabci sai a rubuta bai yi makaranta ba. Ko ajamin da ke kan ƙananan takardun naira tun 2007 aka cire shi. Yaro ya yi shekaru yana ganin kakansa a wajen da ba a tanadar mishi komai ba, a hankali sai ya ɗauka kakan ne bai san komai ba, alhali tsarin ne aka gina ba da shi ba.

Kuma wanda ya riƙe lambar sirrin mutum ya riƙe mutumin. Na sha ganin yaro ya zo da tsohuwa ya ce min a hankali cire 20,000, ya juya ya ce mata Inna 15,000 aka turo. Shi ya sa yanzu in dai da tsoho aka zo sai na faɗi adadin da ƙarfi kuma a hannun mai kuɗin nake ƙirgawa, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan cin amana ce irin ta zamani kuma ban taɓa jin an ambace ta da sunanta a huɗuba ba, ana maganar cin dukiyar maraya amma ba a maganar cin kuɗin kaka ta hanyar kati.

Wanda ya fi damuna kuma shi ne rashin saninmu game da tsufan kansa. Komai ya sami tsoho sai a ce tsufa ne. Ido ya rufe tsufa ne, alhali sau da yawa yana ce, kuma ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki mutum ya koma yana karatunsa, ana yi a Shika ana yi a asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna. Kunne ya yi nauyi a riƙa mishi ihu ana cewa taurin kai ne ya ji sarai. Fitsari ya riƙa kufce wa dattijo saboda larurar da ke samun maza in sun manyanta, yara su fara toshe hanci, shi kuma dan kunya da kokwanton tsarki ya daina fitowa jam'i, a ce Baba ya yi sanyi da ibada. A asibiti ma wani ma'aikacin tambayar farko shekarunka nawa, da ya ji sai ya ce toh Baba ai sai haƙuri. A gida in kuɗin magani bai isa ba ba sai an yi shawara ba kowa ya san wanda za a bari, ai ya ci zamaninsa. Sashen kula da tsofaffi na farko a asibitocin ƙasar nan sai a 2012 aka buɗe shi a asibitin koyarwa na Ibadan, likitocin wannan fanni har yanzu ƙalilan ne, toh in masu ilimin lafiya ma haka suka makara ina ga mu.

Anan nake so ku tsaya da ni a kan gigin tsufa, dan wallahi ana zalunci da shi a garin nan. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, likitoci sun san ta, ba iskanci ba ne ba aljanu ba ne ba maita ba ce. Mai ita zai tambaye ka abu ɗaya ya sake ya sake, ya ci abinci ya ce an hana shi, ya ɓoye abu ya manta ya ce an sace, ya kira sunan waɗanda suka daɗe da rasuwa, ya fita cikin dare yana neman gidan ubansa wanda an rushe tun tuni. A unguwarmu akwai wata tsohuwa ungozoma, rabin samarin layin ita ta yanke musu cibi ta yi wa iyayensu mata wankan jego. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba wanda ya rayu. Da abin ya kama ta sai ta riƙa fitowa tsakar dare ta tsaya ƙofar gidajen mutane tana kiran sunan yayarta. Aka yi rashin sa'a wani yaro ya yi zazzaɓi mai zafi yana sambatu ya ambaci sunanta, shi kenan gari ya ɗauka, mayya ce ta kama mishi kurwa. Mata suka hana yara karɓar abin hannunta, gidajen da ke aika mata tuwo suka daina, yara suna bin ta da jifa, har aka taru aka ce sai ta zo ta tsallaka shi, ita kuwa ba ta ma san me ake cewa ba sai dariya take tana tambayar ko haihuwa aka yi aka zo kiranta. Yaron maleriya ce ta hau mishi ka, da aka kai shi asibiti ya warke. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri, ba wanda ya mai da kwanon tuwon, ƙarshe wani ɗan ƙanenta ya zo daga ƙauye ya tafi da ita.

Ku lura da kyau Allah gafarta malamai, ba a taɓa kama Hajiya mai gidan bene da 'ya'ya manyan ma'aikata da maita ba. Kullum gwauruwa ce, matalauciya, wadda ba ta da ɗan da zai tsaya mata. Tsufa da talauci da zama mace sun haɗu a kanta. Kuma ku yi haƙuri in faɗa, akwai masu ruƙiya da ke ƙara wa wutar nan fetur, a ce aljani ya yi magana ya faɗi sunan wance, a ɗauki maganar da ba shaida ba hujja a rushe mutuncin baiwar Allah a ƙarshen rayuwarta. Kun fi ni sanin hukuncin ƙazafi da mummunan zato. Kuma kun fi ni sanin ayar Suratun Nahli da ta ce akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Duk azumi ana wuce ta a tafsiri, amma ban taɓa jin an tsaya an ce jama'a wannan fa shi ne abin da kuke gani a jikin Inna wance, jinya take buƙata ba jifa ba.

Rabuwar da muka yi ma ta taimaka. Da gidan yawa ne, kaka tana tsakar gida, jariri a bayanta ake goya shi, yaye a ɗakinta ake yi, dare ya yi a kewaye ta ana gatanan gatananku. Yanzu kowa ya yi aure ya kama ciki da falo, ko aiki ya kai shi Kaduna, Kano, Abuja, yaro ya tashi bai san kakarsa ba sai da Sallah a je a gaida ta a ɗauki hoto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2021 da ya ce mutum 1 cikin 2 a duniya yana ɗauke da ra'ayin raina tsofaffi, kuma cikin abubuwan da aka ga suna rage shi akwai doka, akwai ilimantarwa, akwai cuɗanya tsakanin yara da manya. Wannan na ƙarshen mu a gida muke da shi kyauta muka sake shi. Ko wasan jika da kaka da muka gada, ta ce mijina ya ce matata kin tsufa zan sake ki, ƙauna ce ƙunshe a ciki, yaron da ke wannan tsokanar shi ne zai ɗebo mata ruwa ya matsa mata ƙafa. Abin da ake yi a TikTok da Facebook daban ne, saurayi ya manna auduga a haɓa ya ranƙwafa, tsohon kullum mai kwaɗayi ne ko ƙazami ko mai bin yara mata, uwar miji kuma kullum tana hanyar boka. Mafi muni a ɗauki tsoho na gaske mai gigi ko mai bara a bidiyo bai sani ba a watsa ana dariya. Yaron da bai taɓa zama da tsoho ba wannan ne tsohon da ya sani.

Akwai kuma fushin matasa, kuma fushin yana da dalili. Fiye da rabin 'yan ƙasar nan ba su kai shekara 20 ba, masu 60 zuwa sama kuwa wajen kashi 5 ne cikin 100, matashi ya gama digiri ba aiki yana kallon fuskokin da ubansa ya kalla a kan mulki, shi ya sa aka yi ta fafutuka har aka sa hannu a dokar rage shekarun takara a 2018. Sai ka ji ana tsofaffin nan su suka kashe ƙasar. Amma waɗanda ake nufi ba a isa wajensu ba, wanda ake isa wajensa shi ne dattijon da ke lallaɓawa zai tsallaka titi a Ƙofar Doka, shi mai keke napep zai daka wa tsawa. Ɗan siyasa kuma lissafin ƙuri'a yake, tallafin matasa tallafin mata, tsoho ba ya cika fili ba ya rubutu a intanet sai a tsallake shi. Ba zan ɓoye ba akwai manyan da suka jawo wa furfura zagi, wanda ya danne gadon marayun ƙanensa yana ni ne babba, wanda ya yi wa yarinya auren dole kuma ba a isa a tambaye shi ba. Waɗannan ku ne za ku iya faɗa musu gaskiya dan mu in mun faɗa rashin kunya ce. Amma laifin mutum ɗaya ba a shafa wa duk mai sanda.

Masallatan ma dan Allah a duba su. Wajen alwala sai an tsuguna, mai ciwon gwiwa ya zai yi. Matakala mai tsawo ba abin dafawa. Kujerar da mara lafiya zai yi sallah a kai wani wajen babu ko ɗaya, inda akwai kuma sai a ajiye ta can baya kusa da takalma. In ana rabon zakka ko abincin buɗa baki turmutsutsu ake yi, mai ƙarfi ya samu, wanda aka fi yi dominsa ya koma hannu rabbana ko ma a ture shi ya faɗi. Kwamitin masallaci zai iya gyara duk wannan da kuɗin da bai kai na sabuwar lasifika ba. Da tsohuwar zuma ake magani muna faɗa a baki, amma a Islamiyyunmu yaushe rabon da a gayyato wani dattijon unguwa ya zauna da yara ya ba su labarin yadda aka yi karatu a zaurukan birni, ko yadda ake ɗinka aska takwas, ko tarihin ƙofofin Zazzau? Ran da yaro ya zauna gaban tsoho a matsayin mai neman sani, ranar kallon zai fara sauyawa.

Dokoki ma akwai su a takarda. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, ta fara aiki a 2021, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa kuɗin magani, jihar Kaduna ma tana da hukumar inshorar lafiya tata. Tsohon da ke Kusfa ko Limancin Kona bai san da ko ɗaya ba, kuma ba shi da bakin tambaya. Ku kuna da shi. Ciyamomin Zariya da Sabon Gari da kansiloli da 'yan majalisa a bayanku suke sallah, suna zuwa neman addu'a lokacin zaɓe, ku tambaye su tsofaffi nawa aka yi wa rajistar inshora a mazaɓarsu, ku tambaye su me ya hana a je gida a tantance ɗan fanshon da ba ya iya tashi, ku yi wa manajojin banki maganar layi na daban da kujera da ma'aikacin da zai yi bayani da Hausa a natse. Fada ma tana jin maganarku, in kuka haɗa kai da hakimai da masu unguwanni cikin mako guda za a san kowace tsohuwa da ke kwana ita kaɗai a kowane layi, a san wa ke kai mata abinci, a san in ba a ga ta fito ba wa zai leƙa, kuma zakkar unguwa ta fara bi ta ƙofarta kafin ta tafi wani waje.

Ranar 1 ga Oktoba da muke hutun 'yancin kai ita ce kuma ranar tsofaffi ta duniya, in kuna son lokacin da za ku haɗu a kan huɗuba ɗaya ga shi nan, in ba haka ba ko wace Juma'a ma ta yi. Abin da nake roƙo shi ne huɗubar ta wuce a ji tsoron Allah a girmama manya ta kira abubuwan da sunansu, katin kaka, kuɗin maganin Baba, bidiyon tsoho, sunan mayya. Garin nan cike yake da likitoci kuma da yawansu ɗalibanku ne, ku ware dare ɗaya a tafsirin azumi ko bayan sallar Magariba ku ba ɗaya daga cikinsu dama ya yi wa jama'a bayanin gigin tsufa da yanar ido da matsalar fitsari da Hausar da kowa zai gane, ku kuma ku ɗora da hukunci. In za a yi dan Allah a tabbatar lasifika ta kai ɓangaren mata, a kuma maimaita a Islamiyyun matan aure, dan su ne ke jinyar a cikin gida kuma su ake yi wa ƙazafin.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
wani mai POS a Tudun Wada, Zariya